Yadda za ka adana hirarrakinka na WhatsApp, ka kuma dawo da su idan waya ta salwanta

Wani kawuna da ke dillancin albasa a kasuwar Mile 12 ya shiga danfo daga Ketu zuwa Oshodi wata safiya, bai sauka da wayarsa ba. Wayar ba mai tsada ba ce, kuma kafin la'asar yaransa sun sayo masa wata a Computer Village da ke Ikeja, amma da na je gaishe shi da daddare sai na tarar da shi zaune jugum, ko abincin da aka ajiye masa bai taɓa ba. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, Allah Ya mayar da alheri." Ya ce, "Ɗana, ba wayar nake ji ba, littafina ne ya tafi." Kawu bai taɓa riƙe littafin bashi na takarda ba. Yawan buhunan da aka lodo masa daga Aliero, da sunan direban da ya ɗauko su, da abin da aka biya da abin da ya rage, da alkawarin da masu saye suka yi masa da bakinsu, duk suna cikin saƙonnin murya da hotunan rasit a WhatsApp. Mun dawo da lambarsa cikin kwana biyu, amma hirar shekara huɗu ba ta dawo ba, kuma har yau akwai kuɗin da ya bari saboda ba shi da shaidar da zai nuna.

Yawancin mutanenmu da ke Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Obalende suna ɗauka cewa saƙonninsu na ajiye ne a wurin kamfanin WhatsApp, ta yadda duk ranar da suka sa layinsu a wata waya komai zai fito. Ba haka abin yake ba. Tun 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗe shi, kuma da zarar saƙo ya isa wayarka kamfanin yana goge shi daga na'urorinsa. Wanda bai isa ba ne kawai ake riƙewa, shi ma kwana 30 ne iyakarsa. Ke nan hirarka tana cikin wayarka ne, idan wayar ta faɗa kwata lokacin ambaliyar Yuni da Yuli, ko aka fizge ta ta tagar mota a cunkoson Apapa, ko mai gyara ya yi mata fulashin, hirar ta bi ta. Gaskiya ne wayar Android tana yi wa kanta kwafi kowace rana da misalin ƙarfe 2 na dare, sai dai wannan kwafin yana cikin wayar ne, ɓarawo zai tafi da shi tare da ita. Abin da zai cece ka shi ne kwafin da ke wajen wayar, wanda masu gyara ke kira bakof, ni kuma zan riƙa kiransa ajiya: a Android ana ɗora shi a asusunka na Google, a iPhone kuma a iCloud, wato ma'ajiyar kamfanin Apple.

Kafin ka taɓa komai a cikin WhatsApp, akwai tambayar da nake roƙon ka amsa wa kanka tsakani da Allah: ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayarka, kuma ka san kalmar sirrinsa? A nan ne Kawu ya faɗi. Wayarsa tana yin ajiya duk mako ba tare da ya sani ba, amma a kan wani Gmail da yaron shago ya buɗe masa ranar da ya saye ta, don kawai a samu a sauke masa manhajoji. Yaron bai rubuta masa kalmar sirri ba, bai kuma sa lambar Kawu a matsayin lambar farfaɗo da asusun ba, da muka koma shagon ma ba mu same shi ba. Ajiyar tana can, amma ba mu da makullin ɗakin. A ganina wannan ita ce babbar matsalar mutanenmu, ta fi rashin yin ajiyar kanta, domin kusan duk wanda ba ya karanta boko sosai wani ne ya buɗe masa asusu, kuma ba a cika komawa kan maganar ba sai ranar da ta ɓaci.

Don haka ka fara da wannan. Buɗe saitin wayarka, ka nemi wurin da aka rubuta Google, za ka ga adireshin da ke kai. Idan ka san kalmar sirrin, ka gwada shiga da ita ta wata waya ko kwamfuta don ka tabbatar, kada ka dogara da zato. Idan ba ka sani ba, to yanzu da wayar ke hannunka ne lokacin da ya fi sauƙi a sake ta, ko kuma ka buɗe sabon asusu da kanka, ko ka sa ɗanka ko wani amintacce ya buɗe a gabanka. Ka tabbatar an sa lambarka a matsayin lambar farfaɗowa, kuma ina ba da shawarar a ƙara ta biyu, kamar ta mai ɗakinka ko ta ɗan'uwanka, saboda ranar da aka sace wayar layinka ma ya tafi. Sannan ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ka ajiye a gida inda kake ajiye takardar NIN da sauran muhimman takardu. Kada ka ajiye su a cikin wayar da kake tsoron rasawa, kuma kada ka tura wa kanka su ta WhatsApp ɗin.

Idan wannan ya kammala, saita ajiyar bai kai minti biyar ba. Zan kawo sunayen maɓallan yadda suke fitowa da Turanci, tunda haka aka saita yawancin wayoyin Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung da ke hannunmu. Buɗe WhatsApp, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama ta hannun dama, ka shiga Settings, daga nan Chats, sannan Chat backup. A shafin za ka ga inda ake zaɓar asusun Google, sai ka zaɓi wanda ka tabbatar da kalmar sirrinsa, ba wanda ka tarar ba. Za ka kuma ga inda ake zaɓar yawan lokutan ajiya: kullum, ko duk mako, ko duk wata, ko sai ka danna da kanka. Ɗan kasuwa ya zaɓi Daily, wato kullum, domin wanda ya zaɓi duk wata zai iya rasa cinikin mako uku ko fiye idan tsautsayi ya zo a ƙarshen watan. Daga nan ka danna koren maɓallin Back up, ka jira har ya gama. Ajiyar farko ce ke da nauyi, tana iya cin data mai yawa da lokaci mai tsawo, don haka ka yi ta inda akwai wayfai, ko ka sayi datar dare mai rahusa, ka sa wayar a caji. Waɗanda za su biyo baya sababbin abubuwa kawai suke ƙarawa a hotuna da murya, ba su kai ta farko ci ba.

Akwai maɓallai biyu a ƙasan shafin da ake yawan tsallakewa. Na farko shi ne wanda ke ba da izinin yin ajiya da datar layi. Idan a kashe yake, wayar za ta yi ta jiran wayfai, kuma mutumin da ke wuni a kasuwa ya kwana a ɗakin haya a Agege zai iya yin wata shida wayarsa ba ta haɗu da wayfai ba, yana zaton ana yi masa ajiya alhali ba a yi. Idan ba ka da wayfai, ka kunna shi. Na biyu shi ne Include videos, wanda ke sa a haɗa da bidiyo. Ni dai shawarata a bar shi a kashe, domin bidiyon wa'azi da na biki da na barkwanci da ake turowa a guruf su ne ke kumbura ajiya, kuma ba su ne za ka yi kuka a kansu ba. Bidiyon da ke da daraja a wurinka, kamar na sunan ɗanka ko na kayan da aka loda maka, ka kwafe shi daban. Saƙonnin murya, hotuna da takardu suna shiga ajiya ko da ka kashe bidiyo.

Maganar wuri ta zama dole yanzu. A da ajiyar WhatsApp ba ta shiga lissafin wurin da Google ke ba mutum, amma daga farkon 2024 ta fara shiga. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma Gmail da Google Drive da Google Photos duk daga wannan kason suke ci. Idan hotunanka sun cinye wurin, ajiyar WhatsApp za ta tsaya, kuma mutane da yawa ba sa lura da sanarwar. Hanyar da za ka gane ita ce ka riƙa leƙa shafin Chat backup ko da sau ɗaya a mako, ka duba kwanan wata da lokacin da aka rubuta a matsayin ajiya ta ƙarshe. Idan ka ga na jiya ko na yau, lafiya lau. Idan ka ga na watanni uku da suka wuce, akwai matsala. Sai ka shiga Settings, Storage and data, Manage storage, inda WhatsApp ke ware maka fayilolin da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta yaɗawa, ka goge tarkacen, ka sake danna Back up. Wanda harkarsa ta yi girma yana iya biyan kuɗin ƙarin wuri ta Google One. Ka kuma sani cewa ajiya ɗaya tak ake riƙe maka a Google, sabuwa tana danne tsohuwa, kuma wadda aka yi watanni da yawa ba a sabunta ba ana iya goge ta.

Tun Oktoban 2021 akwai zaɓin kulle ajiyar kanta, wanda za ka gani da sunan End-to-end encrypted backup. Idan ka kunna, za ka sa kalmar sirri ko ka karɓi makulli mai haruffa da lambobi 64, daga nan ko Google ko WhatsApp ba za su iya karanta abin da ke ciki ba. Ga mai harkar canji ko wanda ke tura hotunan takardun banki da na fili, wannan kariya ce mai kyau. Amma ba na gaggawar kunna wa dattawa shi, domin idan waya ta ɓata kuma aka manta kalmar sirrin, babu wanda zai iya buɗe ajiyar, har kamfanin. Idan za ka kunna, ka fara rubuta kalmar a takardar nan ta gida, sannan ka shigar da ita a waya.

Yanzu a ce abin ya faru, wayar ta tafi. Bin tsari a nan ya fi sauri muhimmanci. Da farko ka kira kamfanin layinka a rufe layin, ka kuma sanar da bankinka, tunda ɓarayin waya sun fi sha'awar kuɗin da za su iya ja ta layin a kan wayar kanta. Sannan ka je ofishin MTN, Airtel, Glo ko wanda kake amfani da shi, da lambarka ta NIN, a ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka. Tun Disamban 2020 da aka fara haɗa layi da NIN, wanda ya yi rajistar layinsa da sunan wani yana shan wahala a wannan mataki, don haka idan layin da kake kasuwanci da shi ba da sunanka yake ba, ka gyara tun yanzu. Kada ka sayi sabuwar lamba don gudun jira a ofis, domin ajiyar tana ɗaure da abu biyu ne, lambar waya da asusun Google, idan ɗaya ya bambanta WhatsApp ba za ta gan ta ba. Kada kuma ka yi jinkiri mai tsawo, saboda asusun WhatsApp da ya yi kwana 120 ba a shiga ba ana goge shi.

Idan sim ya dawo, ka sa shi a sabuwar waya, ka shigar da tsohon asusunka na Google kafin ka buɗe WhatsApp. Nan ma a kula da masu shago, domin da yawa suna saurin buɗe sabon Gmail don su sallame ka. Ka ce musu kana da naka. Sai ka sauke WhatsApp daga Play Store, ka rubuta lambarka, ka shigar da lambobi shidan da za a turo maka ta tes. Da zarar ka yi haka, WhatsApp ɗin da ke kan wayar da aka sace zai rufe. Idan ka taɓa kunna Two-step verification za a nemi lambobin sirrinka shida, wanda ya manta su kuma bai sa imel ba, sai ya jira kwana 7. Bayan haka manhajar za ta nemi izini, ka ba ta, ta lalubo ajiyar, ta nuna maka ranar da aka yi ta da girmanta. Ka danna Restore. Rubutattun saƙonni ne za su fara dawowa, hotuna da muryoyi kuma su biyo a hankali kana amfani da wayar, abin da ka iya ɗaukar sa'o'i idan sabis ba shi da ƙarfi. Ka bar wayar a caji, ko a jikin fawabank idan an ɗauke wuta.

A wannan shafin akwai maɓallin Skip, kuma shi ne tarkon da ya fi kama masu gaggawa. Sau ɗaya ake yi maka tayin dawo da hira, wato lokacin shigarwa. Idan ka tsallake, WhatsApp zai buɗe fayau, guruf-guruf ɗinka za su fito amma babu tsoffin saƙonni. Haɗarin da ya fi wannan shi ne idan ka bar shi haka ka haɗa shi da asusun Google ɗin nan, sabuwar ajiyar da babu komai a cikinta za ta iya danne tsohuwar mai shekaru. Idan ka yi kuskuren tsallakewa, kada ka kwana a kai: cire manhajar nan take, ka sake sauke ta, ka sake shigar da lambarka, tayin zai dawo. Da wannan dabarar ce kuma ake ceto hirar da mutum ya goge bisa kuskure, muddin ba a yi wata ajiya bayan gogewar ba, sai dai za ka rasa abin da ya shigo tsakanin ajiyar ƙarshe da lokacin da ka cire manhajar.

Idan canjin waya kawai za ka yi kuma tsohuwar tana hannunka, akwai hanya mafi sauƙi da ta zo a 2023, wadda ba ta bi ta Google. A tsohuwar ka shiga Settings, Chats, Transfer chats, a sabuwar ka shigar da lambarka, za ta nuna wani tambari mai kusurwa huɗu wanda za ka haska da kyamarar tsohuwar. Wayoyin biyu za su haɗu kai tsaye, hira ta kwarara daga wannan zuwa waccan, har da bidiyo, ba tare da jan datarka ba. Ka ajiye su kusa da juna da isasshen caji har a gama. Idan lamba za ka canza, ka fara yin Change number a ƙarƙashin Account a tsohuwar wayar, ka yi sabuwar ajiya, sannan ka ƙaura.

Masu iPhone tsarinsu kusan ɗaya ne: Settings, Chats, Chat Backup, Back Up Now, sannan a kunna Auto Backup. Bambancin shi ne Apple giga 5 kacal yake bayarwa kyauta a iCloud, wanda ke cika da wuri, kuma dole iCloud Drive ya kasance a kunne. Abin da ya kamata a sani kafin a sayi waya shi ne ajiyar Google ba ta buɗewa a iPhone, ta iCloud ma ba ta buɗewa a Android. Mai ƙaura daga Android zuwa iPhone yana buƙatar manhajar Move to iOS, kuma sai iPhone ɗin yana sabo ko an goge shi tas, yayin da mai komawa Samsung daga iPhone zai haɗa wayoyin da kebul ya bi ta Smart Switch. A duka biyun sai tsohuwar waya tana nan tana aiki. Saboda haka wanda aka sace wa Tecno, idan yana son hirarsa, ya fara dawo da ita a kan wata Android ko ta aro ce, daga baya ya ƙaura zuwa iPhone.

Matasanmu da yawa suna amfani da GB WhatsApp da makamantansa saboda ƙarin kwalliyar da ke ciki. Waɗannan ba na kamfanin ba ne, ba a samun su a Play Store, ajiyarsu ba abar dogaro ba ce, kuma WhatsApp na iya dakatar da lambar da ke amfani da su. Wanda abincinsa ke kan lambarsa ya koma na asali ko WhatsApp Business, wanda shi ma ajiyarsa daidai take da yadda na bayyana.

Ga hirar da ta shafi bashi mai yawa, ko cinikin fili, ko kuɗin adashi, ina ƙara wani mataki. Buɗe hirar mutumin, ka taɓa ɗigo uku, More, Export chat, ka tura wa imel ɗinka. Za ka samu rubutun hirar da kwanan wata da lokacin kowane saƙo, har saƙo 40,000 idan babu hotuna, ko 10,000 idan da su. Ba a iya mayar da wannan fayil cikin WhatsApp, amma ana karanta shi a kowace waya ko kwamfuta, ana kuma iya buga shi a takarda a kai gaban shugabannin kasuwa idan gardama ta taso. Tunda yawancin cinikinmu da murya ake yi, ka zaɓi haɗawa da fayilolin, don muryoyin su biyo rubutun.

Idan kuma sayar da tsohuwar wayar za ka yi, ko musaya a Computer Village, ko kyauta ga ƙaninka, kada ka bari a goge ta a shago kana tsaye. Ka riƙe ta kwana biyu ko uku, ka buɗe hirarraki masu muhimmanci a sabuwar, ka saurari tsoffin muryoyi kaɗan, ka duba hotunan rasit sun fito. Sannan ka shiga Chat backup a sabuwar wayar ka tabbatar asusun Google ɗinka ne a kai, an zaɓi Daily, kuma kwanan watan ajiya ta ƙarshe na yau ne. Sai bayan nan ka cire asusunka na Google daga tsohuwar, ka cire katin memori idan akwai, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka miƙa ta.